Talabijin ɗin jeren amarya: 4K ko Full HD?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, don saura kwana 12 jere. 'Yar yayata za a aurar, ni aka ɗora wa sayen talabijin. Jiya na shiga kasuwa na tarar da guda biyu masu inci 43, kamfani ɗaya, girma ɗaya, har ƙafafunsu iri ɗaya. Ɗaya an rubuta Full HD a kwalinta, ɗayar an rubuta 4K UHD. Abin da ke tsakaninsu na kuɗi sai ya saya mini sitabilaiza har a ba ni canji. Mai shagon ya ce wai Full HD ta zama tsohon yayi, ko a ƙauye an daina kai wa amare ita. Ya kunna mini mai 4K ɗin, wani aku ya fito, wallahi har gashin wuyansa kana iya ƙirgawa. Na dawo gida ban saya ba saboda kaina ya ɗaure. Wanda ya sani ya fitar da ni daga duhu.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin. Ke dai rufe ido ki ɗauki 4K ɗin. Ranar ganin ɗaki dangin miji ba hoto suke kallo ba, wannan sitikar ta gefen gilashi suke karantawa. Ni nawa na aurar, na san abin da nake faɗa.

Baban Walid Zariya: Hajiya, in dai sitika ce matsalar, a sayi mai araha a je wajen masu buga kati su buga mata 8K a manna. Kanawa dai da son a gani.

Hajiya Turai: Bazazzagi, ku da har yanzu mai ƙeya kuke kallo a tsakar gida, ina ruwanka da maganar manya?

Sabi'u Mai Gyara: Anti Maman Hanifa, kafin kowa ya ce miki sayi wannan ko waccan, amsa mini tambaya uku. Me za a jona wa talabijin ɗin: dish ɗin kyauta ne, dikodar biya ce, ko intanet? Daga bangon da za a kafe ta zuwa kujerar da za a riƙa zama, nisan nawa ne? Sannan wutar gidan, ta NEPA ce kawai ko akwai sola? Shekara 14 ina buɗe bayan talabijin, kuma yawancin waɗanda suke kawo mini ƙarar "hoto ba ya fita" talabijin ɗinsu lafiyarta ƙalau, abin da suka jona mata ne ba shi da kyau.

Maman Hanifa: Ango ya riga ya kafa dish irin na kyautar nan, mai su Arewa24 da tashoshin wa'azi da na Larabawa. Sai kuma fina-finai da ake tura musu a filas. Nisan kuwa ban sani ba, amma bari in aika Hanifa da tef ɗin ɗinkina, gidan ba nisa. Sola akwai ƙarama, ta fanka da fitilu.

Sabi'u Mai Gyara: Madalla. Kafin ta dawo bari in warware miki abin da waɗannan lambobin suke nufi, don duk rikicin a nan yake.

Hoton talabijin ba shafe yake kamar fenti ba, ɗige-ɗige ne ƙanana jere reras, kamar idon saƙar tabarma. In kika matsa da fuskarki dab da gilashin za ki gan su. Abin da ake kira rezolushan shi ne yawan waɗannan ɗigon. Wadda ake rubuta wa HD Ready, kamar yawancin masu inci 32, tana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya. Full HD tana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, miliyan biyu da 'yan kai. 4K kuma 3840 a kwance, 2160 a tsaye, miliyan takwas da kusan dubu ɗari uku. Ninki huɗu ke nan na Full HD, a nan in mai shago ya ce 4K ta fi yawan ɗigo bai yi ƙarya ba.

Abin da bai faɗa miki ba shi ne, talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka aiko mata take nunawa. Tashar da take watsa shiri a tsohon tsari, wanda ake kira SD, ɗigo 720 sau 576 take aikowa, jimilla 414,720. Da yawa daga tashoshin dish ɗin kyauta a haka suke zuwa. In kika zuba wannan a Full HD, kowane ɗigo ɗaya sai an baje shi ya cike gurbin biyar. In kika zuba shi a 4K, sai ya cike gurbin ashirin cif. Furar mutum ɗaya ce aka ce a dama wa mutum ashirin. Ƙwaryar za ta cika, amma kin san abin da ya cika ta.

Baban Walid Zariya: Ruwa!

Sabi'u Mai Gyara: Yauwa. Na filas ɗin ma ya fi muni. Masu turi suna matse fim ne don ya shiga waya, sau da yawa 360 ne, wato 640 sau 360. Wannan a gilashin 4K ɗigo ɗaya gurbin 36 zai cike. Shi ya sa za ki ga fuskar ɗan wasa ta yi kamar an shafa mata man kaɗanya, in ya juya da sauri kuma hoton ya farfashe gida-gida.

Shi kuma akun da aka nuna miki, je ki leƙa bayan talabijin ɗin, za ki ga filas a soke. Bidiyo ne na musamman da kamfani ya ɗauka don talla, an kuma saka talabijin ɗin a yanayin shago, haske da kala an ƙure su. Ki koma ki ce ya cire filas ɗin ya jona risibar dish a duka biyun, ki ja baya taku huɗu ki kalla.

Alhaji Nura Mai Shago: Malam Sabi'u, ka yi bayani mai kyau amma ka karkata gefe guda, kuma kun mayar da mu 'yan kasuwa kamar macuta. Ni ma talabijin nake sayarwa, bari in faɗi nawa. Talabijin ba tumatir ba ce da za a cinye yau. Amaryar nan za ta shekara bakwai, takwas tana kallonta. Yau dish ɗin kyauta ne, gobe Allah ya buɗa wa ango ya saka intanet, ga YouTube cike da bidiyon 4K. A lokacin sai a sake sayen wata? Na biyu, kamfanoni sun fi zuba ƙoƙarinsu a masu 4K. Injin da ke gyara hoto a cikinsu ya fi, kala ta fi, galibi suna da HDR, wato tsarin da ke ƙara fito da haske da duhun hoto. Ko tashar SD ɗin da kake magana, 4K ta kamfanin kirki tana iya gyara ta ta fi yadda Full HD mai arha za ta nuna. Na uku, daga inci 50 zuwa sama ma zaɓin ya kusa ƙarewa, da wuya ka samu sabuwa ta babban kamfani da ba 4K ba.

Sabi'u Mai Gyara: Ranka ya daɗe, maganarka ta uku gaskiya ce tsantsa, ta biyu ma rabinta na karɓa. Wanda zai sayi inci 55 ba ya buƙatar wannan muhawarar, kasuwa ta riga ta zaɓa masa. Mai sayen 32 shi ma haka, kusan duk HD Ready ce. A kan 40 da 43 ne kawai ake samun iri biyu a jere, kuma a nan Anti take tsaye. Inda ban yarda ba shi ne a ce kowace 4K tana da injin kirki. Mafi arhar 4K da na sha buɗewa, gilashin ne kawai mai ɗigo miliyan takwas, fitilun bayansa ba su da ƙarfin da za su nuna HDR yadda ya kamata. Tana karɓar siginar, ta rubuta maka HDR a kusurwa, hoton kuma ya ƙara duhu.

Maman Hanifa: Hanifa ta dawo. Ta ce daga bango zuwa doguwar kujera tef biyu ne da ɗan ƙari, ta lissafa ya kama mita 3 da santimita 20. Falon dogo ne, kuma ba yadda za a matso da kujerar saboda ƙofar kicin.

Sabi'u Mai Gyara: To an zo wajen. Idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai lafiyayyen ido, in abu biyu suka matsu fiye da kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya a ganinsa, sai su haɗe masa su zama ɗaya. Da wannan ma'aunin masana harkar talabijin suka fitar da ƙiyasi: don ka ci moriyar Full HD gaba ɗaya, ka zauna a nisan da bai wuce tsayin gilashin sau uku da ɗan kai ba. Na 4K rabin haka ne, tsayin gilashi sau ɗaya da rabi da ɗoriya. Na hoto mai ɗigo 720 a tsaye kuwa kusan sau biyar.

Tsayin gilashin inci 43 wajen santimita 53 ne. Ke nan Full HD ɗinta tana ƙare aikinta a wajen mita 1.7. Daga nan zuwa baya, ko an ƙara ɗigo ido ba zai tsince su ba. Cikakken amfanin 4K a wannan girman sai mutum ya zauna ƙasa da mita ɗaya, kamar mai aiki da kwamfuta. Amarya kuma tana mita 3.2. A wannan nisan sai gilashi ya kai wajen inci 80 kafin a fara ganin fifikon ɗigon 4K a kan Full HD. Anti, a falon nan kuɗin ɗigo asara ne. In akwai rarar kuɗi, girma za a ƙara, ba ɗigo ba.

Abba Gamer: Yaya Sabi'u ni fa ban yarda da lissafin nan ɗari bisa ɗari ba. Ina da na'urar gem ta PS5 a kan 4K mai inci 43, na kai ta gidan abokina mai Full HD, bambancin a fili yake. Rubutun sunayen 'yan wasa, ciyawar fili, komai.

Sabi'u Mai Gyara: A ina kake zama in kana buga gem?

Abba Gamer: A ƙasa, kan kafet, gaban talabijin ɗin.

Sabi'u Mai Gyara: Ka ba wa kanka amsa. Kana wajen mita ɗaya, kuma na'urarka 4K na gaske take fitarwa. Kai ne ainihin wanda aka yi wa 4K. Kuma idonka na ɗan shekara ashirin ne, wasu matasan suna gani fiye da wancan ma'aunin, ban musa ba. Amma ko an ƙara maka rabin mita saboda kaifin ido, ba ka kai kujerar amarya ba.

Abba Gamer: Na sallama a nan. Amma ga masu gem da ke karantawa, kar ku tsaya a kan kalmar 4K kawai, ku duba ramin HDMI, inda ake soka wayar da ke kawo hoto daga na'ura. Tsohon HDMI 1.4 yana ɗaukar 4K amma hoto 30 kacal a daƙiƙa, gem zai riƙa yi maka kamar yana ɗingishi. HDMI 2.0 yana kai 60. In kana son 120 ɗin da PS5 take iyawa, sai 2.1, kuma sai gilashin kansa mai 120 ne, wanda masu arha ba su da shi ko me aka rubuta a kwali. Mai PS4 ta asali kuwa kar ya wahalar da kansa, 1080 ce iyakarta.

Ɗanlami Gidan Ƙwallo: Ku bar ni in ba ku labarin asarar da na yi, wataƙila wani ya tsira. Gidan kallo nake da shi, benci tara. Shekara biyu da suka wuce yara suka fara guduwa gidan wani da ya buɗe a bayan layinmu, wai hotonsa ya fi nawa. Na ci bashi na sauke talabijin biyu na ɗora masu 4K inci 55. Ranar farko aka cika, aka take wasa, sai wani yaro daga benci na uku ya ce, "Oga, ai gara ta da." Raina ya ɓaci amma da na tsaya na duba, gaskiya ya faɗa. Lambar rigar ɗan wasa ba ta karantuwa, ƙwallo in an buga ta sama sai ta yi jela.

Sati biyu ina zargin talabijin. Ashe tun zamanin masu ƙeya, wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ita ce take ɗauko hoto daga dikoda ta bi ta wani ɗan akwatin rabawa zuwa talabijin ɗin. Yaron da ya kafa sababbin ya mayar da ita yadda ya same ta. Wannan wayar kuwa ko me ka biya, SD kawai take iya ɗauka. Ranar da aka canza zuwa HDMI da akwatin rabawa na HDMI, aka shiga saitin dikoda aka mayar da shi 1080, wallahi kamar an wanke mini ido da sabulu. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na jona tsohuwar Full HD ɗina da wannan sabuwar wayar, daga benci na uku zuwa baya ba wanda ya iya bambance su, sai dai girma. Kuɗin waya ne matsalata, na je na kashe na talabijin biyu.

Baban Walid Zariya: Allah ya mayar da alheri. Amma su masu dikodar biya ba sa haska ƙwallo da 4K ne?

Ɗanlami Gidan Ƙwallo: Wasannin lig da muke haskawa kullum HD ne, ba su wuce 1080. A Kofin Duniya na Qatar a 2022 SuperSport sun haska da 4K, amma sai mai dikodar Explora Ultra. Abu ne na lokaci-lokaci, ba abin da za ka gina sana'a a kansa ba. Ni yanzu in zan ƙara, girma nake nema da haske, saboda wasan ƙarfe uku na rana rumfar kwano ba ta yin duhu.

Malam Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu, amma ba wanda ya koma kan tambaya ta uku da Malam Sabi'u ya yi, zancen kuran, wato wutar gidan. Mu nan da yawa da batir da fanon sola muke kallon tele, shi ya sa kafin mu tambayi hoto, wat muke tambaya. Ku juya bayanta akwai takarda manne, an rubuta abin da take sha. Tawa mai inci 32 ba ta kai wat 50. Ta ƙanena mai 55 ta haura 100, in ya ƙure haske ta fi haka. Batir mai 200Ah na volt 12, a takarda wat 2400 ne na awa ɗaya, amma irin mai ruwan nan rabi ake ci in ana son shi daɗe, saura 1200. Ku cire fanka biyu da fitilu, ku ga abin da ya rage wa tele. Kuma a girma ɗaya, mai 4K ta kan ɗara Full HD sha, don ɗigon sun matsu, sai fitilar baya ta ƙara ƙarfi kafin haske shi ratso. Tunda an ce solar gidan ƙarama ce, a yi wannan lissafi tun yanzu, kada amarya ta riƙa zaɓe tsakanin fanka da kallo a watan Afrilu.

Maman Hanifa: Kai Malam Isuhu, Allah ya saka da alheri. Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba.

Alhaji Nura Mai Shago: To ni dai har yanzu ina kan bakana game da gobe. Intanet sai ƙara sauƙi yake yi.

Malama Rabi: Alhaji, a wace unguwar yake ƙara sauƙi, mu ƙaura? Ni ina da 4K kuma ina da Netflix, bari in faɗa muku yadda muke ciki. Da farko sai kana kan tsarinsu mafi tsada kafin su ba ka 4K. Su da kansu sun ce kana buƙatar intanet mai gudun megabit 15 a daƙiƙa, tsayayye, kuma yana iya shan giga 7 a awa ɗaya. HD kuwa har giga 3. Fim ɗaya mai awa biyu giga 14 ke nan. Wata na farko yara suka ƙarar da datar wata a kwana huɗu. Tun daga ranar na shiga saiti na rage, YouTube ma a 720 muke kallo. Talabijin ɗina 4K ce a kwali, amma rabon da ta ga 4K tun ranar da aka kawo ta.

Hajiya Turai: Ku dai kuna ta lissafi kamar masu jarrabawa. Ni maganar mutuncin yarinya nake yi a gidan miji.

Malama Rabi: Hajiya, mutuncin da za a samu a sitika ai ranar da aka goge gilashi da tsumma ya tafi. In fita kunya ake so, girman da za a hango tun daga ƙofa ya fi rubutun da sai an sunkuya.

Wani abu kuma, Maman Hanifa, in wani ya ba ki shawarar ta hannu wadda aka shigo da ita daga waje, ki bincika daga wace ƙasa. Kafin wannan na taɓa sayen wata babba da aka kawo daga Amurka, ana ta yaba mini ita. Ashe wutarsu 120 ce, tamu 230, sai da taransifoma. Aka wuce wannan, aka jona dikoda, sai baƙin gilashi da ɗan rubutu yana yawo. Mai gyara ya ce tsarin hotonsu 60 ne a daƙiƙa, namu 50, kuma wannan samfurin ba ya karɓar 50. Eriya ma ba ta kama komai, don tsarin tashoshinsu daban ne da DVB-T2 da ake amfani da shi a nan. Ba duka suke haka ba, amma ni tawa haka ta zame mini allon bango.

Baba Audu Tsohon Ma'aikaci: Yara kuna sha'aninku. Mu da muka fara kallo a tashar Kaduna, wadda aka buɗe a 1962, baƙi da fari ne, hoton yana rawa, wani ya hau rufi yana juya eriya ana yi masa ihu daga ƙasa, "Ya yi! A'a koma!" Da aka ce Jos sun fara mai kala a 1975, har musu aka yi a majalisarmu, wasu suka ce ba zai yiwu ba. Unguwa guda talabijin ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗigo bai ishe shi ba. Ni yanzu tambayata ɗaya ce: wacce ce rubutun ƙasan labarai zai fi fitowa? Don shi ne ba na gani.

Sabi'u Mai Gyara: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Naka ba na ɗigo ba ne, girman gilashi ne da matso da kujera, sai kuma a duba tabarau. Ƙarin ɗigo ba ya ƙara wa rubutu girma ko kaɗan.

Admin: Jama'a a taƙaita, mai tambaya tana da kasuwa gobe. Malam Sabi'u, akwai waɗanda suka yi mini magana ta gefe suna tambayar yadda za a gane 4K ta bogi. A taimaka.

Sabi'u Mai Gyara: Wannan ya fi komai yawa yanzu, musamman a masu sunayen da ba a san su ba, da waɗanda ake manna wa tambarin manyan kamfanoni. Ku lura da kalmomi. In an rubuta cewa tana "karɓar" 4K ko tana "goyon bayan" 4K, wannan ba ya nufin gilashin 4K ne. Tana iya buɗe bidiyon, sannan ta matse shi zuwa ɗigon da take da su. Na taɓa buɗe wata da aka rubuta 4K da manyan baƙaƙe a kwali, lambar gilashin ta nuna 1366 sau 768 ne.

Ga gwajin da ba ya ƙarya, kuma ba ya buƙatar komai sai rular 'yan makaranta da waya. A saka farin hoto a gilashin. Ɗora rula a hankali, ka ɗauki hoton santimita ɗaya da kyamarar waya dab da dab, sannan ka buɗe hoton ka zuƙo shi. Za ka ga ƙananan gidaje, kowanne da ja da kore da shuɗi, ukun nan su ne ɗigo ɗaya. Ƙirga nawa ne a cikin santimita ɗin. Faɗin gilashin inci 43 wajen santimita 95 ne, don haka in 4K ce za ka samu kusan 40, in Full HD ce 20, in HD Ready ce 14. Ba a buƙatar ƙirga daidai, tazarar tana da yawa. In mai shago ya hana ka wannan gwajin, ka riga ka samu amsa.

Ku kuma auna girman da kanku. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, gilashin kaɗai ban da firam. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ke nan 43 ta ba da 109, 40 ta ba da kusan 102, 55 ta ba da kusan 140. An sha sayar wa mutane 40 da sunan 43. Sai lambar samfurin da ke bayan talabijin, a duba ta yi daidai da ta kwali da wadda ke cikin saiti, a kuma neme ta a shafin kamfanin.

Alhaji Nura Mai Shago: Wannan gwajin na rula ni ma yau na koya, kuma duk wanda ya zo shagona da rularsa bismillah. Maman Hanifa, tunda an tsaya a kan 43 kuma falon mita uku ne, zan sauko: ɗauki Full HD ta kamfanin da kika sani, mai takardar garanti, ki sa ragowar a sitabilaiza. Abin da ya fi kashe talabijin a garin nan wuta ce, ba ƙarancin ɗigo ba. Amma in kuɗin za su kai 50 ko 55, ki ɗauka ko da 4K ce, saboda girman, ba saboda sunan ba.

Malam Isuhu Maraɗi: In batir zai ɗauka.

Alhaji Nura Mai Shago: In batir zai ɗauka, na ji.

Maman Hanifa: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Na je da safe da tef ɗina da rular Hanifa. Na sa ya cire filas ya jona risiba a duka biyun kamar yadda Malam Sabi'u ya ce. Ya ɗan ɓata rai amma ya yi. Na ja baya har bakin ƙofar shagon, na kira wata mata da ke wucewa na ce ta nuna mini wadda ta fi, ta nuna Full HD ɗin, wai ta fi haske. Ni dai a idona duk ɗaya ne. Na tambayi mai 50, kuɗina ba su kai ba, kuma takardar bayanta ta nuna tana shan wuta sosai. Na ɗauki Full HD mai 43, na auna ta 109 cif, ɗigo kuma na ƙirga 19 ko 20, idona ya yi ruwa kafin in gama. Na haɗa da sitabilaiza da wayar HDMI, don na tuna da Ɗanlami.

Hajiya Turai, akwai sitika a gefen ita ma, doguwa mai kala, na ce kar a ɓare.

Hajiya Turai: To ai shi ke nan, a bar ta har bayan ganin ɗaki. Allah ya ba su zaman lafiya.

Sabi'u Mai Gyara: Amin. Saura abu biyu in an kafa. Farkon kunnawa za ta tambaya ko gida ne ko shago, a zaɓi gida, in ba haka ba za ta riƙa ƙure haske tana shan batir. Sannan a duba bayan risibar angon ko tana da ramin HDMI, don tsofaffin ba su da shi. In tana da shi, a shiga saitinta a sa 1080 da 16:9, kar mutane su fito gajeru masu faɗi.

Maman Hanifa: Na aika a duba. Hanifa ta ce ramuka uku ne kawai a baya, ja da fari da rawaya.

Ɗanlami Gidan Ƙwallo: Inna lillahi. Anti, a faɗa wa ango risiba ta rage nasa.